Palm Valley ko Dalhousie Springs: wanne ya dace da zangon farko a dajin tsakiyar Ostireliya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: za ka sauka garin Alice Springs a watan Yuli da iyali, mutum huɗu, kana da kwana huɗu da motar haya mai jan taya huɗu, kana so ku kwana a tanti cikin daji, kuma an kwatanta maka Palm Valley da Dalhousie Springs, ka rasa na zaɓa. Shawararmu Palm Valley. Duka biyun wurare ne masu kyau, amma abin da ya raba su shi ne nisan da ke tsakaninka da taimako idan wani abu ya lalace.

Fara da hanya. Palm Valley yana cikin gandun Finke Gorge, kilomita 138 yamma da Alice Springs. Kwalta ce har garin Hermannsburg, inda za ka iya ƙara mai, daga nan sai ka sauka burji, kuma kilomita 16 na ƙarshe a cikin gadon kogin Finke kake tafiya, yashi da tsakuwa da ɗan ruwa nan da can. Wanda ya tashi da hantsi zai kafa tanti kafin azahar. Dalhousie kuwa yana cikin gandun Witjira, a jihar Kudancin Ostireliya, a bakin hamadar Simpson ta yamma. Idan ka bi ta Kulgera da Finke da Mt Dare, tafiyar ta kai kilomita 600, kuma fiye da rabinta babu kwalta. Yini guda cur zuwa, yini guda dawowa. A kwana huɗunka, biyu sun tafi a kan sitiyari, da yara a baya suna shan gargada.

Matsalar hanyoyin biyu ma ba iri ɗaya ba ce. A Palm Valley kafewa ce. Yashi mai laushi yana riƙe mota idan taya ta cika iska, saboda haka kafin ka shiga gadon kogin ka rage iskar zuwa wajen 20 a ma'aunin PSI, ka sa giyar taya huɗu tun kana kan ƙasa mai tauri, ka riƙe gudu ɗaya ba tare da taka birki da ƙarfi ba. In ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙa mata. Sauko, ka kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, ka ƙara rage iska zuwa 16, ka ja da baya a hankali. Ko ka kasa, a Yuli, lokacin sanyin can, motoci suna wucewa kullum, garin kuma yana kusa.

A hanyar Dalhousie duwatsu ne ke cin taya. Filin shimfiɗe yake da jajayen duwatsu masu kaifi, musamman kilomita 70 ɗin da ke tsakanin Mt Dare da maɓuɓɓugar ruwan Dalhousie, kuma ba huda suke yi ba, gefen taya suke yagawa, wurin da faci ba ya kamawa. A nan ana sauke iska zuwa 26 ko 28, a rage gudu sosai, a tafi da safaya biyu. Yawancin motocin haya safaya ɗaya suke da ita. Taya ɗaya ta tafi, ka zama mai tafiya ba kariya; ta biyu ta tafi, ka zauna. Kuɗin janyo mota daga can yana da yawa ƙwarai. Kafin ka sa hannu a takardar haya, sa masu motar su rubuta maka sunayen hanyoyin da suka amince, domin kamfanoni da dama suna cire irin waɗannan hanyoyi daga inshora, har da ta Palm Valley a wasu lokuta. Ka tabbatar akwai famfon iska mai aiki da batirin mota, da ma'aunin iska, da jak da katakon da za a ɗora shi a kan yashi. Wanda ya rage iska ba shi da abin mayar da ita, ya hau kwalta a haka, tayar za ta yi zafi ta fashe.

Sansanin Palm Valley yana da banɗaki, da wurin wanka mai ruwan ɗumi, da murhun gas na gama-gari, da inuwar itatuwa. Ana hura wuta a ramukan da aka tanada, amma itacen daga waje za ka shigo da shi, ba a tsinta a cikin gandun. Dalhousie fili ne fetal mai ƙarancin inuwa, ƙasar da tauri, iska tana kaɗawa, sai ka zo da turakun tanti masu ƙarfi da guduma. An hana wutar itace a Witjira gaba ɗaya, murhun gas kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Yuli, lokacin da sanyin dare yakan sauka kusa da sifiri, wani lokaci ƙasa da haka, har raɓa ta daskare a kan tanti. Yawancin sanyin daga ƙasa yake shiga jiki, don haka katifar soso a ƙasa ta fi ƙarin bargo a sama amfani. Kowa da jakar barci mai jure sifiri, da hula da safa.

Gaskiya abin da Dalhousie yake da shi babu irinsa. Ruwa ne mai ɗumi, wajen digiri 37, yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa ya taru ya zama babban tafki a tsakiyar busasshen fili. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari, wannan ya fi shi ɗumi. Da asuba tururi yana tashi a kansa, ƙananan kifayen da babu su a ko'ina a duniya sai nan suna tsakurar ƙafar mai wanka. Wurin mai alfarma ne ga 'yan asalin yankin, mutanen Arrernte ta kudu da Wangkangurru, waɗanda ake gudanar da gandun tare da su, kuma ba a shiga da sabulu. Sai dai ruwan yana tara sauro da magariba, tafkin kuma yana da zurfi, yaro ba ya shiga sai da babba a gefensa. Palm Valley shi kuma kwari ne na jan dutse mai itatuwa masu ganye irin na giginya, da hanyoyin ƙafa masu alama: Arankaia kilomita 2, Mpulungkinya kilomita 5. Kilomita 4 daga sansani zuwa kwarin a kan dutse ake hawa, da ƙaramar giya, kamar tafiyar ƙafa, don kada cikin mota ya daki dutse.

Lissafin ruwa ɗaya ne a wuraren biyu, ajiyar ce ta bambanta. Lita 7 ga mutum a rana, sha da girki, ka ƙara 3 saboda alwala da buta. Ku huɗu, kwana huɗu, lita 160. A Palm Valley ƙarin jarka ɗaya ta lita 20 ta isa ajiya. A Dalhousie sai ajiyar kwana uku, domin ruwan sama kaɗan yana mayar da hanyar taɓo, hukuma ta rufe ta, ku zauna har ta bushe. Raba ruwan a jarkoki da yawa. Babban tanki ɗaya in ya tsage a gargada komai ya tafi. Nama da kayan miya a Alice Springs za ka gama sayensu. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kuma manhajar waya ba lallai ta buɗe ba, gara ka riƙe ƙaramin kamfas.

Sabis na waya kada ka sa rai da shi a ko'ina cikin wuraren biyu. Izinin shiga gandu da wurin kwana duka ta intanet ake biya, ka gama tun kana gari, ka ajiye hoton takardar. Ga Dalhousie wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar kiran ceto wajibi ce. Ga Palm Valley ma ka ɗauki hayar ɗaya, tunda da yara. Bar wa wani a gari sunan hanyarka da ranar dawowarka. In mota ta mutu, ku zauna tare da ita: daga jirgi ana hango mota, mutum a ƙafa kuwa da wuya.

Idan ka isa Palm Valley, kada ka kafa tanti a gadon kogi ko da yashin ya yi maka laushi, domin ruwan da aka yi a nesa yakan taho da dare ba tare da ko ɗigo ya sauka a kanka ba. Kada kuma ka kafa ƙarƙashin manyan itatuwan turare na bakin kogi, reshe yakan ɓalle ko babu iska. Karnukan daji na dingo suna zagaya sansani, abinci da shara su kwana a mota, takalma a cikin tanti, kuma da safe a kaɗe su kafin a sa. A akwatin magani a sa bandeji mai faɗi mai talewa guda biyu saboda saran maciji: ana naɗe ƙafar ko hannun gaba ɗaya da ƙarfi tun daga yatsu, a ɗaure da sanda, mutumin ya kwanta bai motsa ba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wanke wurin, sai a kira ceto.