Na hau jirgin roba a kogin Nilu a Jinja, ga yadda ta kaya

Tun da na zo karatu Mbale yaran ɗakinmu suke damuna da maganar Jinja, wai ba ka zo Uganda ba in ba ka shiga ruwan Nilu ba. Ni kuwa ɗan Kano ne, iyakar sanina da ruwa kududdufin bayan unguwa, shi ma daga baki nake tsayawa. Amma dai hutun nan da ya wuce suka ci galaba a kaina, mu huɗu muka hau mota muka tafi, shi ne na ce bari in rubuta wa masu niyya abin da na gani.

Garin na bakin tafkin Victoria ne, daidai inda ruwan tafkin yake ficewa ya zama kogi ya nufi arewa, kamar kilomita 80 daga Kampala. Direban da ya ɗauke mu shi ya fara gaya min wai Jinja ɗin ma ma'anarta dutse a yaren mutanen wajen, saboda duwatsun da ke bakin kogin. Su kuma 'yan ƙasa Kiira suke ce wa kogin tun kafin Baturen nan Speke ya zo a 1862 ya ce shi ya gano mafarin Nilu, kai ka ji fa, mutane na kamun kifi a wajen shi kuma yana ganowa. Gangaren ruwan da ya sa wa suna Ripon yanzu babu shi, dam ɗin da aka gama a 1954 ya shanye shi. Na ɗan tsaya ina kallon ruwan ina tunanin wai shi ne zai ratsa tafkin Kyoga da Albert ya bi Sudan ta Kudu har Khartoum ya haɗu da ɗaya Nilun mai tasowa daga Habasha, sannan Masar. Wannan ruwan dai na ƙissar Annabi Musa da muke ji tun muna makarantar allo.

To batun kamfanin da ya shirya mana hawa jirgin roban. Kuɗin ya haura dala 100 kowane mutum, gaskiya ya ciji aljihuna, amma a ciki har da karin kumallo da mota zuwa bakin ruwa da abincin yamma. Suka ba mu hular kwano da rigar da ke hana nitsewa da filafili ɗai-ɗai. Abin da ya fara burge ni, ba su jefa mu cikin masifa kai tsaye ba, sai da jagoran namu ya kai mu inda ruwa yake kwance ya koya mana tuƙi, ya koya mana in ya yi ihu kowa ya durƙusa cikin jirgin ya riƙe igiya, sannan da gangan ya kifar da mu don mu san yadda abin yake. Na sha ruwa a nan ma. Na gaya masa ni fa ban iya iyo ba, ya ja igiyar rigata ya ƙara tamke ta har numfashi na min wuya ya ce in na faɗa kar in yi kokawa da ruwa, in kwanta rigingine in miƙe ƙafa gaba kawai.

Wallahi wannan maganar ita ta cece ni. Gangare na uku ne ko na huɗu, tun daga nesa kana jin rugugi kamar tirela na sauke dutse, ban san lokacin da jirgin ya miƙe tsaye ba, sai ganina na yi a ƙarƙashin ruwa ko'ina fari fat, ban san sama ba ban san ƙasa ba, kalmar shahada kawai nake a zuci. Ba a fi 'yan daƙiƙu ba rigar ta cillo ni sama, kafin in gama tari wani yaro a ɗan ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya ya iso ya ce in kama bayan. Yana ta dariya abinsa. Waɗannan yaran masu bin jirgi a gefe su ne ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa, yawancinsu 'yan ƙauyukan bakin kogin ne, sun san kowane dutse.

A wani gangare da ake kira Itanda kam sauka muka yi muka zaga ta ƙasa da ƙafa, aka shigar da jirgin ta can ƙasa, don saman wajen mataki na 6 ne, wato ƙarshen haɗari a ma'aunin gangaren ruwa, ba a kai baƙi. Da na ga ruwan da idona ban yi musu ba.

Abin da bai min ba guda biyu. Na farko tsakanin gangare da gangare akwai dogon waje da ruwa yake kwance shiru, sai tuƙi cikin rana har kafaɗa ta yi tsami, jagoran ya ce da ba haka abin yake ba, dam ɗin Bujagali da aka buɗe a 2012 ya cinye gangaren farko-farko, na Isimba a 2019 ya cinye na ƙarshe, abin da ya rage a tsakiya shi ake sayar mana. Ga wuta ƙasa ta samu, ga kuma sana'arsu tana ƙanƙancewa, yana faɗa yana kaɗa kai. Na biyu ba wanda ya yi lissafin salla a tsarinsu, kana cikin ruwa azahar za ta wuce, mu sai da muka fito muka haɗa da la'asar a kan ciyawa da jiƙaƙƙun kaya. Abincin yamman ma ka tambaya kafin ka ci naman, mu dai abarba da kifi da capati muka tsaya a kai.

Ka zo da gajeren wando mai kauri wanda ya rufe gwiwa, waya kuma ka bar ta a mota, su suna ɗaukar hoto. Nawa hoton da suka turo ba abin da ya fito sai tafin ƙafata ɗaya a sama da hular kwano can gefe, shi 'yan ɗakinmu suka sa a hoton gurup har yau sun ƙi cirewa.