Wane littafi za ka saya in kana son gane kalmomin yaƙin basasar Amurka?

Wani ƙanena da ke karatun tarihi ya kira ni daga wajen masu sayar da littattafai na hannu, ya ce yaya kuɗina na guda ɗaya ne kacal wanne zan ɗauka. Shi Turancin yana ji, kalmomin zamanin ne ke ba shi wahala, sai ya ci karo da contraband ko copperhead ya duba ƙamus ya ga ma'anar sam ba ta shiga zancen ba. Amsar da na ba shi ce zan ɗan faɗaɗa anan.

Kafin ka ma tambayi farashi duba sunan da marubucin ya ba yaƙin. In ka ga War Between the States, ko wanda ya fi muni War of Northern Aggression, to ka yi hattara, galibi masu wanke 'yan Kudu (jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle daga ƙasar suka yaƙi na Arewa) ne ke sa wa yaƙin irin sunan nan, su ce maka ai rigimar 'yancin jihohi ce da haraji. Alhali su jihohin da bakinsu suka faɗi dalili, takardar ɓallewar Mississippi ta 1861 ta faɗa ƙarara akan bauta ne, haka mataimakin shugabansu Alexander Stephens ya tsaya a Savannah a watan Maris na shekarar ya ce akan bautar baƙar fata aka kafa tubalin gwamnatinsu. Littafin da ya ɓoye maka wannan ko kyauta aka ba ka kar ka fara da shi, wallahi har ma'anar kalmomin zai karkatar maka.

Mutane da yawa ƙamus suke fara nema, kuma akwai shi, na Mark Boatner da ya fito tun 1959. Yana da amfani matuƙa wajen harkar soja, zai gaya maka brevet muƙamin girmamawa ne da ake ba hafsa yawanci ba tare da ƙarin albashi ba, zai gaya maka regiment kamfani 10 ne, mutum wajen 1,000 a takarda amma a fagen daga sau da yawa ko rabi ba sa kaiwa saboda ciwo da mutuwa. Sai dai ƙamus ba ya ba da labari, kuma waɗannan kalmomin in ka raba su da labarinsu ba abin da ya rage. Ɗauki contraband, a ƙamus kayan da aka haramta ne ko na sumoga, amma a watan Mayu 1861 bayi uku suka gudo sansanin sojojin Arewa na Fort Monroe a Virginia, aka zo karɓarsu Janar Benjamin Butler ya ce ba zai mayar ba, tunda ku kun ce dukiya ne kuma kuna sa su gina muku ganuwar yaƙi to mun riƙe su a matsayin kayan abokan gaba. Daga nan duk bawan da ya tsere zuwa wajen sojojin Arewa contraband ake ce masa, dubban mutane maza da mata da yara. Ni duk sanda na karanta kalmar sai jikina ya yi sanyi, mutum ya samu tsira amma da sunan kaya.

Shi yasa na ce wa ƙanen nawa ya ɗauki Battle Cry of Freedom na James McPherson, na 1988, wanda ya ci kyautar Pulitzer. Shafi wajen 900 ne kar kaurin ya tsorata ka, ya faro tun kafin a harba bindigar farko a Fort Sumter ranar 12 ga Afrilu 1861 don haka kafin ka iso yaƙin ka riga ka san su waye abolitionists masu fafutukar kashe bauta, in ka shiga yaƙin kuma ka gane dalilin da ya sa ake kiran 'yan Dimokurat na Arewa masu son a yi sulhu da Kudu copperheads, sunan wani maciji mai dafi. Anan za ka ga dokar Arewa ta ɗaukar soja dole ta 1863 da ta ba mai hali damar biyan dala 300 a bar shi a gida, da ta Kudu da ta yafe wa mai kula da bayi 20, har talakawa suka riƙa cewa yaƙin na masu kuɗi ne amma talaka ke mutuwa. In na hannu za ka saya buɗe ƙarshe ka tabbata fihirisar na nan ba ta yage ba, ita ce za ta zame maka ƙamus.

Na Shelby Foote mujalladi uku ne, shafi kusan 3,000, daɗin karatu ba a magana, amma ga tsada ga nauyi in za a kawo maka daga waje, ba ya kuma sa manazarta a ƙasan shafi. Abin da ya fi damuna yadda yake yabon Nathan Bedford Forrest, janar ɗin Kudu kuma dillalin bayi wanda sojojinsa suka karkashe baƙaƙen sojoji da suka miƙa wuya a Fort Pillow a 1864. Ka bar shi sai idonka ya buɗe. Haka shirin talabijin na Ken Burns na 1990, kashi tara, yana da kyau ka ji yadda ake furta sunaye amma Foote ɗin ne ya fi kowa magana a ciki, ga cin data.

In da canji ya rage ka nemi littafin taswira ko ƙarami ne. 'Yan Arewa sau da yawa da sunan rafi suke kiran fagen daga, 'yan Kudu da sunan gari, Bull Run shi ne Manassas, Antietam shi ne Sharpsburg, ba taswira sai ka ɗauka yaƙi huɗu aka gwabza.

Wanda kuma aljihu ba nauyi, tarihin rayuwar Janar Ulysses Grant na 1885 yana nan kyauta a Project Gutenberg ka sauke a waya, kalmomin soja daga bakin kwamandan Arewa wanda ya karɓi miƙa wuyan Janar Lee na Kudu a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865.

Duk wanda za ka saya dai ka leƙa fihirisa ka nemi USCT, rundunonin baƙaƙen fata na Arewa, mutum wajen 180,000 ne suka sa kaki, ana ba su dala 10 a wata a cire 3 na tufafi alhali farin soja na karɓar 13. Cikin waɗanda suka shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863 har da Nicholas Said haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka kama yana yaro aka sayar ta hamada, kuma rundunar tasu ta ƙi karɓar albashi sama da shekara har sai da aka daidaita. In ka duba ba ka ga labarin waɗannan mutanen a littafin ba, mayar wa mai shago ka ce ya nuna maka wani.