Esin Taga a Ƙaramar Tirelar Kwana: Yana Sanyi, Amma Sai An Iya Girka Shi

Irin ƙananan tirelolin nan da ake ja da mota zuwa sansanin shaƙatawa a Amurka, masu faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 8, ba sa ɗaukar babban esin da ake ɗorawa a kan rufi. Wancan mai BTU 13,500 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyaya wuri ne) ya yi musu nauyi, ga tsada, ga cin wuta. Shi ya sa na gwada esin taga na gida mai BTU 5,000, na yi bazara guda da shi. Sanyi kam yana yi, har ya yi yawa. An ƙera shi ne don ɗaki mai murabba'in ƙafa 150, tirelar kuwa 40 ce kacal.

Wutar da yake ja tsakanin wat 450 zuwa 500 ce a kan bolt 115, wato amfiya 4 zuwa 5. Soket ɗin sansani mai amfiya 15 ya ishe shi, haka ƙaramin janareta irin Honda EU2200i. Sai dai lokacin da kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, za ta tashi tana fizgar wuta ninki biyu zuwa uku na ɗan lokaci, don haka doguwar waya siririya ba ta yi. A nemi mai kauri lamba 12 ko 14 a ma'aunin wayar Amurka, gajera. Batun batir kuma a manta da shi: na litiyom mai 100Ah ta inbata bai wuce awa biyu zuwa uku ba.

Inda ake shan kaye shi ne iska. Esin taga yana shaƙar iskar waje ta ramukan gefe da na sama, ya hura mai zafi ta baya. Duk wanda ya cusa shi cikin kabad don kwalliya, ya bar rami ɗaya a baya, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa. Kwamfiresa ta yi zafi ta yanke, fanka na ta juyi, ɗaki ba sanyi, mai shi ya ce gas ne ya ƙare. Ba gas ba ne. Dole a raba hanyar shiga da ta fita da katako ko falankin soso, kowace da ƙofarta zuwa waje, a toshe kowace kafa. Abin da ya fi mini aiki shi ne ɗora shi a kan ƙarfen durowa mai ɗaukar kilo 45 ko fiye: in an yada zango a turo bayansa waje, in za a tashi a ja shi ciki a kulle. Nauyinsa kilo 16 zuwa 18 ne, amma gargadar hanya tana ninka wahalar, shi ya sa ake ba ƙarfen rara.

Sai ruwa. A karkata shi baya kamar rabin inci, in ba haka ba ruwan ya dawo kan katifa. Yawancin na yanzu ba su da ramin zubar ruwa, fankar baya ce ke watsa shi kan bututun zafi don ya taimaka wajen sanyaya su. Ƙarar fantsamar da ake ji ba lalacewa ba ce. Kada a ɗauki injin huji a huda gindinsa. Bututun jan ƙarfe na nan kusa, huji ɗaya a kuskure gas ya tafi, kuma gyaran ya fi sabo tsada. A shimfiɗa faranti a ƙarƙashi da ɗan tiyo zuwa waje, domin ruwan da ya rage yana kwararowa da zarar tirela ta motsa, ya ruɓar da filawud a hankali.

Abin da ban ji daɗinsa ba biyu ne. Ƙara: yana dab da kan mai barci, duk tashin kwamfiresa sai bango ya yi rawa, ko da an sa roba a ƙarƙashi. Na biyu danshi. Da yake wurin ƙarami ne, cikin minti kaɗan ya yi sanyi kwamfiresa ta tsaya tun ba ta tsotse danshi ba, sai a kwana cikin sanyi mai damshi. A busasshen wuri irin Arizona ba a lura, a Florida kuwa za a sani. Buɗe tagar rufi kaɗan yana sa ta daɗe tana aiki. In dare ya yi sanyi kuma fanka na ƙasa, ko rariyar ƙura ta toshe, ƙanƙara na kama gaban. A kashe sanyi a bar fanka ta narkar da ita.

Wajen saye, mai maɓallin murɗawa ya fi mai rimot a nan, don in janareta ya ɗauke ya dawo, da kansa yake ci gaba. A dai ba shi minti uku kafin a sake kunnawa, kuma in an kwantar da shi a gefe wajen ɗauko shi, a bar shi a tsaye awanni kafin a jona wuta, man kwamfiresa ya koma mazauninsa.