Harawar gyaɗa ko ta wake: wacce za a ajiye wa doki?

Da an gama girbi, tsakanin Oktoba da Disamba, mai doki kan fara tara harawar da za ta kai shi rani. Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana bukatar busasshen abinci kamar kilo 5 zuwa 6 a rana, ban da hatsi.

Harawar gyaɗa ta fi riƙe ganye, doki kuma yana cinye ta tas, shi ya sa ta fi tsada. Illarta ita ce ƙasar da take zuwa da ita. Tumɓuke gyaɗa ake yi, don haka yashi yana maƙale a saiwar. In ya taru a hanji sai ciwon ciki: doki ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa, yana birgima. A kakkaɓe ta sosai, a zuba a komi, ba a ƙasa ba. Wadda ruwan ƙarshe ya daka ta yi baƙi tana warin rima, a zubar kawai.

Ta wake ta fi tsafta in yankanta aka yi da ɗanyen ganye. Sai dai in ta bushe ƙayau, ganyen na kakkaɓewa wurin ɗauri da ɗauka, a bar ka da kara zalla. A ɗaure ta da sanyin safiya, tana da laushin raɓa.

Dokin da ake hawa kullum, ta gyaɗa ta fi masa, a haɗa da ingirici. In za a sauya daga ɗaya zuwa ɗaya, a yi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.