Asuwaki, Buroshi da Makilin: Abin Dubawa Kafin a Saya

Duk wanda ya shiga kantin magani a Sabon Gari ko Tudun Wada yana neman abin goge baki, zai tarar da kwalaye iri-iri, kuma sau da yawa launi ko ƙamshi ne ke sa shi zaɓe. A ganina, abin da ya fi cancantar dubawa shi ne ƙananan rubutun da ke bayan kwalin, domin nan ne aka bayyana ko makilin ɗin yana ɗauke da sinadarin fuloraid, wanda shi ne ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ya kare shi daga rami.

Makilin na manya ya kamata fuloraid ɗinsa ya kasance tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa ne cikin miliyan ɗaya), kuma yawanci za ka ga an rubuta 1,450. Idan wannan adadi yana nan, kuma akwai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, to mai arha da mai tsada duk za su yi maka aiki ɗaya wajen hana ruɓewa. Wasu masu ɗauke da hoton ganyaye ba su da fuloraid ko kaɗan, saboda haka a karanta tukuna. Irin su Sensodyne an yi su ne domin wanda haƙorinsa ke tsami idan ya sha ruwan sanyi, wanda kuwa ba shi da wannan matsala ba dole ba ne ya ƙara kuɗi.

Maganar buroshi ce ta fi damuna, domin na daɗe ina cikin masu ɗaukar cewa mai tauri ya fi wanke baki. Na shekara ina dirza da shi har dasashina ya riƙa jini kowace safiya, ina tofar da kumfa jaja-jaja ina zaton datti ne ke fita. Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai da zai isa turamen ciki, shi ne daidai, kuma a sauya shi bayan wata 3 ko da zarar gashinsa ya baje. Goga sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci, musamman kafin kwanciya, sannan a tofar da kumfar ba tare da kurkure baki nan take ba, domin fuloraid ya samu zama a jikin haƙora.

Asuwaki kuwa ba abin yarwa ba ne. Sunna ce, ga arha, ga shi a ƙofar kusan kowane masallacin Juma'a, daga na itacen arak da alhazai ke kawowa zuwa na darbejiya. Yana cire datti sosai a hannun wanda ya iya, sai dai bai cika kaiwa bayan haƙoran ciki ba, kuma ba ya maye gurbin makilin. A zaɓi ɗanye mai ɗan laushi, a riƙa datse bakin da ya tsufa. Ni na mayar da shi na lokutan alwala, buroshi kuma na safe da dare.

Garin gawayi, toka, da hodar da ake tallatawa wai tana faranta haƙora cikin kwana uku, ina roƙon a bar su, domin kankare ɓawon haƙori suke yi, shi kuwa idan ya tafi ba ya dawowa. Jan goro da ya kama haƙori likita ne ke wanke shi da na'ura.

Ga yaro ƙasa da shekara 3, ɗan shafen makilin kamar ƙwayar shinkafa ya isa, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙaramar ƙwayar wake, babba yana tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Idan kuwa haƙori ya riga ya yi rami ko dasashi ya kumbura, babu makilin da zai cike shi, sai a nufi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tun ana iya yin ciko, kafin ya kai ga cirewa.