Tikitin kiɗa na saya, aka haɗa min da lacca

Tauraro uku cikin biyar zan ba wasan rok ɗin da na je ran Asabar, kuma wallahi biyun da na zaftare ba laifin kiɗan ba ne, laifin bakin mawaƙin ne. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, ba zan ambaci zauren ba, don ba tonon silili na zo yi ba, kuma har yanzu waƙoƙinsu na nan cike da wayata.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Shiga ba wahala, layi na tafiya, masu duba tikiti ba su tsaya ɓata wa kowa lokaci ba. Sauti kuma ya fita tas, duk wanda ya zauna kan na'urar haɗa sautin nan ya san aikinsa, ana jin jitar bes tana dukan ƙirji amma ba ta danne muryar ba. Waƙa uku na farko sun jero su ba ko numfashi, mai ganga na kai wannan ƙarshe yana ƙirga ta gaba da sandunansa, zaure ya ɗau zafi, ni da abokina har mun fara cewa yau kam kuɗinmu ya biya.

Sai mawaƙin ya riƙe makirfo da hannu biyu ya ce yana so ya ɗan faɗa mana wani abu.

"Ɗan" ɗin nan minti bakwai ya ci. Na san bakwai ne don ina ɗaukar bidiyo a waya ina jiran a shiga waƙa ta huɗu in turawa ƙanwata, na ƙare da bidiyon mutum tsaye yana ba da labarin yadda motarsu ta lalace a hanya shekaru goma da suka wuce. Labarin ma ba wai ba shi da daɗi ba ne gaba ɗaya, akwai wajen da aka yi dariya, amma ya wuce wajen dariyar ya ci gaba, ya koma baya ya gyara sunan garin, ya juya ya tambayi mai jita wai ko ka tuna, mai jita ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa irin na wanda ya ji labarin nan sau ɗari. Zufar da muka haɗa ta bushe a jikinmu. Wata baiwar Allah a gabana da ta cire takalmi don ta ji daɗin tsalle, sai gani na yi ta sunkuya ta mayar da abinta ta fara duba saƙo.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida, waƙa ɗaya jawabi ɗaya. Da na koma gida na bi bidiyoyina da ƙwaƙwalwata na yi lissafi sama-sama, wasan bai kai awa biyu ba kuma kusan rabin awa a ciki magana ce. Abokina tun a zauren ya matso kunnena ya ce "mutumina, wai taron ƙara wa juna sani ka kawo ni?" Na ce masa yi haƙuri yanzu za a koma. Ba a koma ba sai da aka gode wa kamfanin da ya buga musu riguna.

Kar a fahimce ni baibai, ni ba na cikin masu cewa mawaƙi ya rufe baki ya yi waƙa kawai. In waƙar ce zalla nake so ai tana gida, sautinta ma ya fi tsabta a belun kunne, ba wanda zai taka min ƙafa. Abin da ke fitar da mutum shi ne ya ji ana yi da shi, ya ji wanda ke kan dandamalin ya san akwai mutane a gabansa. Kuma na san dalilin da ya sa ake magana tsakanin waƙoƙi, galibi ba don son surutu ba ne. Jita na sauka daga saiti in an dake ta, wata waƙar ma saitinta daban ne dole a canza jitar ɗungurungum, mai ganga da ya yi minti goma sha biyar yana duka da hannu da ƙafa yana buƙatar ya kurɓi ruwa, shi kansa mawaƙin maƙogwaro ba ƙarfe ba ne. Wannan giɓin daƙiƙa talatin ne zuwa minti ɗaya, kuma an fi so a cike shi da magana da a bar zaure shiru ana jin ƙarar sifika. Matsalar ita ce lokacin da mai jita ya gama saiti tuntuni, ya rataya abinsa, ya tsaya yana jira, kai kuma kana ta zuba.

Mutane za su ce ai Bruce Springsteen, shahararren mawaƙin rok ɗin nan na Amurka, ma haka yake yi. E, yana yi, an san shi da dogon labari kafin waƙa tun shekarun 1970, labarin mahaifinsa da ƙuruciyarsa. Amma a duba abu biyu. Na farko mutumin nan awa uku wasansa yake kaiwa, a Helsinki ran 31 ga Yuli 2012 ya yi awa huɗu da minti shida, to wanda ya ba ka wannan in ya ɗauki minti biyar ya yi labari bai ci maka komai ba. Na biyu, sau da yawa makaɗansa ba sa tsayawa, ana taɓa fiyano a hankali a ƙarƙashin maganar, labarin na hawa yana hawa har ya faɗa cikin waƙar, sai ka ga ashe tun ɗazu an fara ta ba ka sani ba. Kuma da ya tashi yin wasan da labari ya yi yawa a cikinsa, ai ware shi ya yi daban, ya kai shi Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, daga 2017 zuwa 2018 a ɗakin da kujerunsa ba su kai dubu ba, kowa a zaune, kowa ya san abin da ya saya. Mu a tsaye muke, kan siminti.

Can ɗaya gefen kuma ga 'yan ƙungiyar Ramones ta Amurka, waɗanda maganarsu tsakanin waƙa da waƙa sau da yawa ba ta wuce mai bes ɗinsu Dee Dee ya ƙwala ƙirga ɗaya zuwa huɗu ba. Wasan da suka yi a Landan daren 31 ga Disamba 1977 an naɗe shi an fitar, waƙa 28 cikin ƙasa da awa ɗaya. Bob Dylan ma shekara da shekaru yana hawa yana sauka, abin da zai ce bai fi ya gabatar da makaɗansa ba, wani daren ko hakan babu. Shi kam gaskiya ni ya yi min sanyi da yawa, amma aƙalla ba zai cinye maka waƙa ba.

Wanda nake ganin ya gane abin sarai shi ne Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen. A bikin kiɗan tara gudummawa na Live Aid, filin Wembley a Landan, 13 ga Yuli 1985, minti ashirin da 'yan kai Queen suka samu, suka cusa waƙa shida a ciki, a gaban mutum wajen dubu 72. A tsakiya ya tsaya ya yi magana da jama'a, amma da me? Ba jimla ko ɗaya mai tsawo, murya kawai ya ja su kuma suka amsa, ya ƙara ja suka ƙara amsawa, ya ja wata doguwa har kowa ya saki baki. Bayarwa da amshi, cikin abin da bai fi minti ɗaya ba. Shekara arba'in ke nan ana kallon wannan guntun. Shi ma magana ce ai, sai dai da mu aka yi ta, ba a kanmu aka sauke ta ba.

Akwai wani abu kuma da mawaƙa ba sa lura da shi don su a kunnensu akwai na'urar da ke kawo musu muryarsu tsaf. An saita sifikun zaure ne don waƙa, da amsa-kuwwa da komai, to in ka koma magana ƙasa-ƙasa kana cin rabin kalmomi, na baya ba abin da suke ji sai gunaguni. Ran Asabar layin gaba na dariya, mu na tsakiya muna kama rabi, na baya kuwa hira suka ɓalle da ita tsakaninsu, hayaniyarsu ta taso, shi kuma ya ji haushi ya ce a yi shiru yana magana. Haba malam. Kai fa ka kashe kiɗan.

Wajen minti na saba'in sai aka shiga siyasa. Ni ba na cewa kar mawaƙi ya faɗi ra'ayinsa, rok ai da ƙorafi aka haife shi, kuma abin da ya faɗa ɗin ma na yarda da kusan duka. Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar Pink Floyd, a rangadinsa na 2022 tun kafin a fara wasa ake sanarwa cewa wanda ba ya son siyasarsa ya kama hanyar mashaya, ko ba ka son mutumin ka san bai yaudare ka ba. Namu kuwa waƙar da ta biyo bayan jawabin ta faɗi duk abin da ya faɗa, cikin minti huɗu, kuma ta fi shi iya faɗa nesa ba kusa ba. Ya riga ya tauna mana ita kafin ya ba mu.

Amma akwai magana ɗaya da ya yi wadda saboda ita ce ban sauko da su tauraro biyu ba. Ana tsakiyar wata waƙa mai zafi turereniya ta yi yawa a gaba ta hagu, sai ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya cak, ya ce a kunna fitilun zaure. Ya nuna wajen da yatsa ya ce akwai wanda ya faɗi, kowa ya ja baya taku uku, ya ƙirga mana, ɗaya, biyu, uku, muka ja. Aka ɗago wani yaro da bai fi shekara sha takwas ba, fuskarsa ta yi fari fat, masu tsaro suka tsallakar da shi shingen, aka miƙa masa ruwa. Mawaƙin ya durƙusa bakin dandamali ya tambaye shi "ƙanena, lafiya dai?" yaron ya ɗaga babban yatsa, zaure ya ɗau tafi, aka koma waƙar daga inda aka tsaya. Duka-duka bai kai minti biyu ba kuma ba kalma ɗaya ta banza a ciki. Duk wanda ya san abin da ya faru a bikin Roskilde na Denmak a shekarar 2000, inda mutum tara suka rasu a turmutsutsu lokacin da ƙungiyar Pearl Jam ke wasa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ke riƙe da makirfo shi kaɗai ne kowa zai ji a lokaci guda. Ashe mutumin ya iya gajeriyar magana, so ne dai ba ya yi.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙarshe. Zaure irin wannan yana da lokacin tashi, kuma ba wasa ake da shi ba, ko Springsteen da Paul McCartney sai da aka kashe musu makirfo a filin Hyde Park na Landan a 2012 don lokaci ya cika. Muna cikin jin godiya ga iyalan makaɗa ɗaya bayan ɗaya sai na hango wani mai baƙar riga a gefen dandamali yana nuna agogon hannunsa. Mawaƙin ya gan shi, ya juya suka yi ƙus-ƙus da mai ganga, aka yi waƙa ɗaya a gurguje aka ce sai da safe. Bayan an watse wani da ke layin gaba ya samu takardar jerin waƙoƙin da ake mannawa a ƙasan dandamali, muka leƙa tare, waƙa uku ne a ƙasa ba a yi ba, kuma ta tsakiyarsu ita ce wadda na fito dominta, wadda na yi wa ƙanwata alkawarin bidiyonta.

In sun dawo zan sake zuwa? Zan je, don mai gangar nan kaɗai ya isa a fita dominsa. Amma sai in biki ne mai ƙungiyoyi da yawa, inda za a ba su minti arba'in a tsaya musu da agogo. Ƙanwata dai na tura mata bidiyon lalacewar mota, ta kalli minti ɗaya ta turo min "yaya ina waƙar?"