Sati uku da tsohuwar 486 ta Kawu da wasannin shareware

Watan jiya Kawu ya sa ni kwashe tarkacen ɗakin ajiyarsa, sai na ci karo da tsohuwar kwamfuta samfurin 486 mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) megabait 4, da kwali cike da faifan filofi. Ya ce, "Ɗauka ɗana, in ta tashi taka ce." Ta tashi kam, amma sai da ta ba ni ruwa.

Yawancin faifan shareware ne, wato tsarin ɗanɗana kafin ka saya, kamar yadda mai kilishi ke yago maka ɗan gefe. Kashi na farko kyauta ne, har an yarda ka kwafa wa abokai. A wancan zamanin, in kana son sauran sai ka aika kuɗi Amurka. Da haka kamfanonin wasanni Apogee da id Software suka yi suna. A kwalin akwai Commander Keen na 1990, Wolfenstein 3D na 1992, da kashin farko na DOOM wanda ya fito a Disamban 1993.

Tun kafin wasa, batirin CMOS, mai riƙe wa kwamfuta agogo da saituna, ya mutu, har ya fara zubar da wani kore-kore a jikin allon ciki. Kullum na kunna sai ta manta kwanan wata, ta manta akwai faifan ajiya (hard disk) a cikinta. Na cire shi, na goge wurin, na sa wani. Faifan kuwa ƙura da zafi sun cinye kusan rabi, kan mai uwa da wabi. Ka sa, injin ya yi ta gurnani, ya tambaye ka "Abort, Retry, Fail?" Wani lokaci Retry (sake gwadawa) sau uku na fitar da kai, wani lokaci sai haƙuri.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙwaƙwalwa. DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, na tsare manhajoji cikin kilobait 640 na farko, duk yawan RAM ɗinka, kuma direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa linzami da CD aiki, suna zaune a nan suna cin wuri. Wolfenstein ya ƙi tashi sai da na buɗe fayil ɗin saituna CONFIG.SYS na tabbatar manhajojin tsara ƙwaƙwalwa HIMEM.SYS da EMM386 na nan, na rubuta DOS=HIGH,UMB, na tura direbobin sama, wajen 640 ɗin, da umarnin LH a fayil ɗin AUTOEXEC.BAT. Daga baya na gano MEMMAKER na MS-DOS 6 na yin wannan da kansa. Da na sani da ban ɓata dare biyu ba.

DOOM nasa daban ne. Bai damu da 640 ɗin ba, megabait 4 ɗin yake so kusan gaba ɗaya, ga SMARTDRV, mai ƙara saurin karanta faifai, ya riga ya yanki rabonsa. Maganin shi ne ka danna F5 da zarar "Starting MS-DOS" ya bayyana, ta tsallake komai. Linzami zai tafi, amma wasan zai tashi. In yana tafiyar hawainiya, rage girman hoton da maɓallin ragi.

Sauti ma ya yi gardama: kiɗa na fita, ƙarar bindiga babu. Ashe layin SET BLASTER, mai bayyana saitin katin sauti, na cewa IRQ (lambar layin da katin ke kiran kwamfuta da shi) 5 ne, alhali 'yan fulogin da ke jikin katin suna kan 7. Da na daidaita su a SETUP na wasan, ƙarar farko sai da ƙanwata ta zabura daga tsakar gida.

Ra'ayina? Keen da Wolfenstein suna gudu lafiya lau, DOOM kuwa da ƙyar da jiɓin goshi, amma kashin kyautar nan mai matakai tara ya ishe ni sati guda. Wanda wasan kawai yake so, ya sauke DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, a laftof ɗinsa ya huta. Ni dai na bar ta a kan tebur, ina cigiyar ƙarin RAM megabait 4 a wajen masu tsofaffin kayan kwamfuta.